Yadda Ake Ƙarfafa Wayoyin Wutar Mota Don Su Ɗauki Manyan Kayan Sauti

Mota tana nuna wa mai ita tun da wuri idan kayan sauti sun fi ƙarfin wutarta. Da daddare, duk lokacin da bes ya buga, fitilun gaba su dushe, ya saki su dawo. Daga nan ampilifaya ta fara ɗaukar zafi fiye da kima, ko ta riƙa kashe kanta a tsakiyar kiɗa. Wata safiya kuma a murɗa makulli baturi ya ƙi tayar da inji. Mutane da yawa a nan sai su ɗora wa ampilifaya laifi, ko su sayi sabon baturi, alhali matsalar tana kan hanyar da wutar ke bi.

Ampilifaya ba ta ƙirƙirar wuta. Abin da altaneta, wato na'urar da ke samar da wuta da cajin baturi idan inji na aiki, ya samar, wayoyi suka iya kai mata, shi take juyawa ya zama sauti. Wayoyin da kamfani ya sa wa mota kuma an auna su ne daidai buƙatar motar: fitilu, fanka, famfon mai, rediyo ƙarami. Ba a yi su da tunanin wani zai ɗora musu ƙarin ampiya 90 ba. Saboda haka aikin nan daga lissafi yake farawa, ba daga sayen waya ba.

Mataki na farko: san yawan wutar da za ka ja

Duba adadin wat da aka rubuta RMS a gefensa a takardar ampilifayar. Shi ne ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore. Babbar lambar nan da ake bugawa a jikin kwali da manyan haruffa don jan mai saye, ka manta da ita, ba ta shiga lissafi.

Babu ampilifayar da ke mayar da duk wutar da ta ci zuwa sauti, wani kaso yana tafiya a zafi. Ampilifaya nau'in D, wadda aka fi amfani da ita wajen wufa, wato babbar lasifikar bes, tana amfani da kusan kashi 80 cikin 100. Nau'in AB kuwa kashi 50 zuwa 60 ne kawai. To ga yadda ake yi. A ce kana da nau'in D mai wat 1000. Raba 1000 da 0.8, ka samu wat 1250, shi ne abin da za ta ja daga mota. Raba 1250 da bolt 13.8, wato ƙarfin wutar mota yayin da inji ke aiki, ka samu ampiya 90 da ɗan ɗoriya. Idan akwai ta biyu, nau'in AB mai wat 300 don lasifikokin ƙofa, raba 300 da 0.55, sannan da 13.8, ka samu kusan ampiya 40. Jimilla 130.

Yanzu duba altanetan motarka. Yawanci akwai takarda ko rubutu a jikinsa da ke nuna ampiya nawa yake bayarwa, kuma a ƙananan motoci yakan faɗo tsakanin 70 da 150. Kada ka ɗauka duk naka ne. Motar kanta, da fitilu da esi da fankar lagireto a kunne, tana iya cinye 40 zuwa 60 ko fiye. Sannan lambar da ke jikin altaneta ba a silo yake ba da ita ba, sai an taka totur. Abin da ke ceton mutane shi ne kiɗa ba ya jan wuta kai tsaye ba hutu, yana hawa yana sauka, don haka matsakaicin abin da ake ja bai kai ƙololuwar lissafin ba. Duk da haka waya da fiyus a kan ƙololuwar ake zaɓarsu.

Kafin ka taɓa komai, sa mitar auna wuta a kan baturi. Lafiyayyen baturi da ya kwana ba a tayar da mota ba zai nuna kusan bolt 12.6. Tayar da inji, ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. In baturin yana nuna 12.0 a kwance, ko caji bai kai 13.5 ba a motar da ba kwamfuta ke sarrafa cajinta ba, fara gyara wannan. Sabuwar waya ba za ta tashi mataccen baturi ba.

Mataki na biyu: zaɓen waya

Nan ne aka fi cutar mutane, kuma nan ne ya kamata ka fi tsayawa. Ana auna kaurin waya da ma'aunin AWG, wanda lambarsa ke tafiya a juye: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Lamba 8 tana da faɗin tagulla kusan murabba'in milimita 8.4, lamba 4 kusan 21, sai 1/0 da ta kai kusan 53.

Waya kamar bututun ruwa take, siririya kuma doguwa tana rage ƙarfin abin da ke isa ƙarshe. Daga baturi a ƙarƙashin bonet zuwa but, waya takan ci mita 5. Tura ampiya 90 ta cikin lamba 8 ta tagulla zalla a wannan tsawon, za ka rasa sama da bolt 0.9 a hanya, kuma abin da ka rasa ɗin, kusan wat 80, zafi ya zama a cikin wayar da ke kwance ƙarƙashin kafet. Da lamba 4 asarar ba ta kai bolt 0.4 ba. Da 1/0 kuwa kusan 0.15 ne. A kan haka, wanda jimillarsa ba ta wuce ampiya 50 ba, lamba 8 za ta ishe shi. Daga nan zuwa 120 ko makamancin haka, lamba 4. Abin da ya haura wannan, 1/0. In lissafinka ya faɗo a kan iyaka, ɗauki babbar. A ganina ma duk wanda ya san zuciyarsa za ta kai shi ga ƙara ampilifaya nan gaba, gara ya ja 1/0 tun yanzu, don cire kujeru da kafet sau biyu ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai maganar abin da ke cikin robar. Akwai waya mai tambarin OFC, tagulla ce zalla. Akwai mai tambarin CCA, wadda alminiyam ce aka lulluɓe da tagulla sama-sama. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 61 ne cikin 100 na abin da tagulla mai kauri ɗaya ke ɗauka, don haka lamba 4 ta CCA ba ta kai lamba 4 ta tagulla ba ko kusa. Ƙari a kan haka tana saurin ruɓewa idan damshi ya shige ta, musamman a bakin kan baturi, sai ka ga ta zama farin gari tana marmashewa. Gane ta ba wuya. Yanke bakin wayar da reza ka dubi tsakiyar silin: in ja ne har ciki, tagulla ce, in tsakiyar fari ne mai sheƙi, alminiyam ne. A hannu ma tagulla ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Wata tagullar ana shafe ta da kuza don hana tsatsa, ita waje ne fari, ciki ja, kuma tana da kyau sosai. Ka kuma lura da waya mai ƙatuwar roba da 'yar tagulla kaɗan a ciki, daga waje kamar lamba 4, ka feɗe ta ka tarar ko lamba 8 ba ta cika ba.

Mataki na uku: wayoyi uku na ƙarƙashin bonet

Kashe inji, cire makulli, sannan ka kwance kan baturi na negatif tukuna. Dalili shi ne dukkan ƙarfen jikin mota negatif ne. In ka fara da fositif sifana ta taɓa bodi, baturi zai tura ɗaruruwan ampiya ta cikinta nan take. Cire zobe da agogon ƙarfe. In rediyon motarka irin mai neman lambar sirri ne bayan an cire baturi, nemo lambar kafin ka fara.

Wayoyi uku ne ke ɗauke da duk wutar mota. Ta farko daga bayan altaneta zuwa fositif na baturi. Ta biyu daga negatif na baturi zuwa bodi. Ta uku daga jikin inji zuwa bodi. Ta ukun ita ake yawan mantawa da ita, alhali altaneta ta jikin inji yake samun at ɗinsa, wato hanyar da wuta ke bi ta koma negatif, injin kuwa a kan kujerun roba yake zaune, wuta ba ta bi ta roba. In wannan wayar siririya ce ko ta yi tsatsa, komai kaurin sauran biyun an yi aikin banza.

Ba cire na kamfani za ka yi ba. Bar su inda suke, ka ƙara sababbi masu kauri a gefensu, kaurin da ya yi daidai da wayar da za ka ja zuwa baya ko ya fi ta. Fara da na at guda biyu don sun fi sauƙi. Nemi noti mai ƙarfi a jikin bodi, ka goge wurin da samfefa har farin ƙarfe ya fito yana sheƙi, ba fenti, ba tsatsa. Ɗaura, ka matse sosai, sannan ka shafa giris ko fenti a saman haɗin don ruwa kada ya shiga. Ta inji zuwa bodi ka bar mata ɗan sassauci, saboda inji yana motsi a kan kujerunsa, waya a miƙe tsaf za ta tsinke ko ta kwance noti. Ta altaneta kuwa dole a sa mata fiyus kusa da baturi, a nisanta ta daga bel da fanka da bakin salansa, a kuma mayar da hular robar da ke rufe notin bayan altaneta.

Akwai abin lura a sababbin motoci. Da yawansu suna da 'yar na'ura a manne da kan baturi na negatif, wadda ke auna wutar da ke shiga da fita tana gaya wa kwamfutar mota. In ka ɗaura sabuwar waya kai tsaye a kan baturi ka tsallake ta, kwamfutar za ta yi lissafin caji ba daidai ba. Sabon at ɗin dole ya kasance ta bayan na'urar, ɓangaren da ke kallon bodi. Motoci masu haɗa inji da lantarki da masu lantarki zalla kuwa yawancinsu ba su da altaneta irin wannan, kuma wayoyinsu masu ruwan lemo suna ɗauke da wuta mai kisa. Wannan aikin na wanda ya koyi irin motocin ne.

Bakin waya shi ne inda aiki ke lalacewa. Yi amfani da kan waya na tagulla daidai kaurin wayar, ka matse shi da abin matsa na ainihi, wanda ke dunƙule silin su zama kamar ƙarfe ɗaya. Bugun guduma a kan dutse ba ya yin haka, yana barin iska a ciki, iskar kuma ita ke kawo zafi. Bayan matsa, ja wayar da iya ƙarfinka. In ta motsa, sake. Sannan ka rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, ta fi salatif daɗewa a ƙarƙashin bonet.

Mataki na huɗu: fiyus

Fiyus ɗin da ke kusa da baturi ba ampilifaya yake karewa ba, wayar yake karewa, da motar, da mutanen da ke ciki. Ka yi tunanin waya mai kaurin babban yatsa, kwance daga gaba zuwa baya, ta goge da ƙarfe har robarta ta ci. In babu fiyus, baturi zai zuba mata duk abin da yake da shi, ta yi ja, robarta da kafet su kama, kuma babu makullin da zai kashe ta. Shi ya sa ake sa shi kusa da baturi iya yadda zai yiwu, kada ya wuce santimita 45. Guntun da ke tsakanin baturi da fiyus ba shi da mai kare shi, don haka a gajarta shi, a sa masa riga, a ɗaure shi kada ya yi lilo.

Girman fiyus yana bin abin da wayar za ta iya ɗauka. A tagulla zalla, lamba 8 ba a wuce ampiya 50 zuwa 60, lamba 4 kuma 125 zuwa 150, sai 1/0 da ke tsayawa a 250 zuwa 300. Wannan iyaka ce ta sama. In kayanka ampiya 90 suke ja a kan lamba 4, fiyus na 100 ya wadatar, ƙarami ma ya fi tsaro muddin ba ya yankewa a banza. A manyan wayoyi nau'in ANL, mai faɗi da ake ɗaurewa da noti biyu, ya fi na gilashi riƙo. Idan ka raba babbar waya zuwa ƙanana biyu a but, kowace ƙarama tana buƙatar nata fiyus a wurin rabuwar, domin fiyus na 250 ba zai ji komai ba har lamba 8 ta narke. Kuma in fiyus ya yanke, nemo dalili. Wanda ya maye shi da babba ko ya naɗa masa silin waya ya cire kariyar ne da hannunsa. Kada ka sa fiyus ɗin a gidansa sai an gama komai.

Mataki na biyar: jan waya zuwa baya

Tsakanin inji da cikin mota akwai bangon ƙarfe. Nemi ramin da kamfani ya riga ya yi mai zoben roba. In sai ka huda sabo, leƙa ɓangarorin biyu da kyau, don bututun birki da tarin wayoyi sukan kwanta a bayansa. Bayan huda sa zoben roba, ba a wuce da waya ta bakin ƙarfe tsirara. A ciki, bi gefen ƙofofi ƙarƙashin robar da ake takawa, ka nisanci fedar birki da kulochi da layin da kujera ke zamewa a kai, ka ɗaure duk bayan 'yar tazara. Wayoyi masu rigar rawaya ko soket mai rawaya na jakar iska ne, kada ka taɓa su.

Wayar RCA da ke kawo sauti daga rediyo a bi da ita ta ɗaya gefen motar. In dole su haɗu da ta wuta, su gicciye juna kawai su wuce. Tare da ita ka ja siririyar wayar da ke kunna ampilifaya idan an kunna rediyo, wadda yawanci shuɗiya ce mai farin layi.

Mataki na shida: at ɗin ampilifaya

Duk ampiyar da ta shiga ampilifaya sai ta fita ta koma baturi, kuma ta nan take bi. Don haka kaurin wayar at daidai yake da na wayar wuta, ba ragi. A gajarta ta, kada ta wuce rabin mita in da hali. Zaɓi ƙarfe mai kauri na ainihin jikin motar, ba wani siririn falle da aka manna ba. Notin bel ɗin kujera yana jan ido saboda girmansa, amma ka ƙyale shi, abin ceton rai ne, kuma zarensa yakan zo da maganin riƙo da ke hana wuta wucewa sosai. Kafin ka huda ƙasan but, leƙa ƙarƙashin mota, tankin mai yana nan kusa. Goge fenti har ƙarfe, ɗaure da noti da washa, ba da ɗan sukurun da ke cin falle ba. In ampilifaya biyu ce, su haɗu a wuri ɗaya. Yawancin kukan nan mai kama da fito da ke tashi yana bin totur, daga at mara kyau yake zuwa.

Mataki na bakwai: gwaji

Sake bin kowane noti. Mayar da negatif, sa fiyus, tayar da inji. Kunna kiɗa mai nauyin bes da ƙarfi, ka auna bolt a kan baturi, sannan ka auna a bakin ampilifaya. Bambancin bai kamata ya wuce bolt 0.5 ba. In ya wuce, rarrabe inda asarar take: ɗora tsinken mita ɗaya a negatif na baturi, ɗayan kuma, ta hanyar ƙara doguwar waya, a bakin at na ampilifaya. In ka ga sama da 0.2 ko 0.3, at ɗin ne. Bayan minti goma sha biyar na kiɗa, bi haɗe-haɗen da hannu. Wanda ya yi ɗumi fiye da 'yan uwansa bai matsu ba.

Maɓallin da ake murɗawa a jikin ampilifaya don daidaita shigar sauti ba na ƙara murya ba ne, kuma wanda ya murɗe shi ƙarshe zai ƙona lasifika ko da wayoyinsa na da kyau. Ana iya saita shi da mita. Ninka wat ɗin RMS na ampilifayar da om ɗin lasifikar, wato ma'aunin tirjiyar da take yi wa wuta, ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadin. Wat 500 a om 2 ya ba da 1000, amsar kuma kusan 31.6 ce. Cire wayar lasifika, juya mita zuwa AC, kunna sautin gwaji na 50 Hz da rediyo a kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, ka murɗa a hankali har mita ta nuna bolt 31.6, ka tsaya.

In an yi duk wannan kuma fitilu suna ci gaba da dushewa, ko mita a kan baturi tana faɗuwa ƙasa da bolt 13 tana zama a can yayin da mota ke tafiya, to wayoyi sun fita daga zargi, altaneta ne ya gaza. A nan ne ake tallata wa mutane kafasita, na'urar da ke ajiye 'yar wuta ta sake ta nan take. Tana da ɗan amfani wajen cike giɓin ƙiftawar ido, amma ka duba abin da take riƙewa: mai farad 1 (farad shi ne ma'aunin girmanta), kafin ta sauka da bolt ɗaya, ampiya 90 na kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kawai za ta bayar, sannan ta koma ta nemi caji a wurin altanetan da dama ya gaji. Baturi na biyu a but, nau'in AGM da ba ya zubar da ruwa, yana taimaka wa mai son kiɗa inji a kashe, sai dai shi ma ƙarin baki ne da altaneta zai ciyar, kuma wayar da ta haɗa baturan biyu tana buƙatar fiyus a kowane ƙarshe, tunda wuta na iya tahowa ta ko'ina. Maganin ƙarancin wuta na gaskiya shi ne altaneta mai ƙarfi. Wajen sayensa tambayi ampiya nawa yake bayarwa a silo, don a cunkoson hanya nan zai yi yawancin aikinsa, ka kuma tabbatar ya dace da kwamfutar motarka da bel ɗinta. Da an sa shi, a sake duba girman waya da fiyus ɗin da ke tsakaninsa da baturi, su yi daidai da sabuwar ampiyar.

Bayan mako biyu ko uku ana hawa motar, buɗe bonet da but ka sake matse kowane noti, saboda girgiza da zafi suna sassauta sabon haɗi. Duba kuma inda waya ta ratsa bangon ƙarfe ko zoben robar yana nan a mazauninsa.